Kifin da Surukina Ya Mayar Kogi

Ni Karimatu 'yar Sarkawa masunta ce gaba da baya. A Yauri aka haife ni, a bakin Kwara, kuma tun ban fi tsayin turmi ba nake banda kifi. Yanzu ina zaune a unguwar Plumstead a London wurin autata Zubaida da mijinta, Baban Fawaz, mai haɗa magani a asibiti.

Bakin ƙawata Anatu ne ya jawo komai. Muna haɗuwa a flat ɗinta a Woolwich duk Lahadi, mu tsofaffin mata, kowa da kwanonta. Ranar na kai miyar kifi. Ta ɗanɗana, ta taɓe baki.

"Yaya Karimatu, wannan ai kifin ƙanƙara ne na kasuwa. Kullum Yauri, Yauri, mu dai ba mu gani a ƙasa ba."

Mata suka kwashe da dariya. Na ajiye cokali na ce, "Anatu, ki riƙe wannan. Surukina yana zuwa kogi da fatsa. Wanda zai kamo da hannunsa, ni zan banda shi da nawa, ki ci har ki lashe gwiwar hannu."

Ba a banza na faɗa ba. Baban Fawaz yana da jarabar wani kifi wai shi salmon. Duk kakar Turawa, in ganye ya fara zuba, sai shi da abokan aikinsa su nufi wani kogi can arewa, kusa da Scotland. Bana ce kaka ta farko da na yi a ƙasar, ban san yadda suke yi ba.

Suruki ba a tsayawa gabansa a yi roƙo. Sai na tsaya bakin ƙofar kicin, na ɗaga murya yadda zai ji daga falo: "Zubaida, ki gaya wa Baban Fawaz ina son kifin nan. Na yi wa mata alkawari."

Ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Mama. In sha Allahu."

Daga nan muka shiga jiran ruwa. Bazarar ta yi tsanani, har ciyawar bayan gida ta koma kamar tabarma. Kullum in ya dawo aiki sai ya duba waya ya ce wa matarsa kogin ya janye, duwatsu duk a waje, ruwan ya yi ɗumi. Wai kifin yana can tsaye a bakin teku, ba zai hau ba sai ya ji ƙanshin sabon ruwa. Wannan ban yi musu ba, namu ma haka suke. Na duƙufa da addu'a. Duk London ana tsinar ruwan sama, ni kaɗai nake roƙonsa a sujada. Na sa aka samo mini duro don banda, aka fasa gindinsa, aka ɗora raga. Na tara itacen tuffa da maƙwabci ya sare.

Allah ya amsa har ya wuce abin da na roƙa. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Na ce alhamdulillahi, sai kifi. Ashe an yi cancel ɗin tafiyar. Wai kogin ya cika ya batse, ya yi jawur da laka, yana tafe da rassa da ganye, kifi ba ya ganin ko hancinsa balle fatsa. Sai an jira ya fara sauka, ya tace, ya koma kalar baƙin shayi.

Lahadin nan Anatu ta ce, "Yaya, ko kifin naki sai ya yi booking ɗin jirgi?"

Na haɗiye.

Da ruwan ya yi yadda suke so, ya tafi da asuba da dogayen takalman roba. Na jiƙa gishiri, na daka yaji, na kira mata ɗaya bayan ɗaya na ce su shirya. Washegari da la'asar ya dawo, fuska kamar gonar auduga. Na leƙa ta taga ina jiran ya buɗe bayan mota ya fito da abin arziki. Sandar fatsa ya fito da ita, da jiƙaƙƙun takalma. Ya shigo ya durƙusa, ya miƙa wa Zubaida waya ta miƙo mini.

Ga shi nan a hoto tsaye cikin ruwa har cinya, rungume da kifi kamar ɗan yaye, fari fat kamar azurfa. Wallahi sai da miyauna ya tsinke.

"Zubaida, tambaye shi ina kifin?"

"Mama... ya mayar da shi."

"Ya mayar da shi ina?"

"Kogi."

Na zauna a kan matakala. Mutum ya yi tafiyar yini, ya tsaya cikin sanyi, Allah ya ba shi rabonsa a hannu, ya ɗauki hoto da shi kamar ranar aure, sannan ya sallame shi! Maganganu suka cika mini baki, amma suruki ne, ba dama. Na yafa mayafi, ranar Juma'a na kai ƙara wurin Alhaji Abdul-Salam, dattijon mutanenmu a Woolwich, wanda ake kai wa rigimar gida.

Aka kira Baban Fawaz, ya zauna a ƙasa. Na juya masa baya na fuskanci Alhaji, na zayyane komai. Alhaji ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, gemunsa na rawa.

"Hajiya, ai ko ni da na ga wannan sai na kawo ƙara. Maharazu, me ya kai ka?" Sunan yanka na Baban Fawaz ke nan.

"Alhaji, dokar kogin ce. Kifin ya ragu ƙwarai. Wannan mace ce, cike da ƙwai, hawa take yi ta je ta zuba. Duk wanda ya kama, mayarwa yake yi."

Na ce, "Alhaji, ka gaya masa ni ba baƙuwar ruwa ba ce. Mu ma Sarkin Ruwa yana rufe gurbin kifi ya hana su, kuma ba mai taɓawa. Ban zo ƙarar doka ba. Ƙarar 'To, Mama' na zo. Ranar da na roƙa, ya san ba zai kawo ba?"

Alhaji ya juya wajensa.

"Maharazu, da kai ake."

"Na sani, Alhaji. Kunya ce ta hana ni. Yaya zan dubi Mama in ce a'a? Zubaida ma ni na hana ta faɗa."

"Ka ji ko! Shi ya ji kunya a ɗaki, ni ya bar ni in sha tawa a gaban Anatu. Na yi ta roƙon ruwa har gwiwoyina suka yi kanta, ashe kifi nake wa addu'ar sauka lafiya!"

Alhaji ya yi dariya har ya share hawaye da bakin rawani. Sannan ya yanke: Baban Fawaz zai je kasuwar kifi ta Billingsgate ya zaɓo salmon na kiwo mafi girma, ɗanye, wanda bai taɓa daskarewa ba. Shi zai hura wuta. Kuma da bakinsa zai gaya wa mata abin da ya faru. Na ƙara da cewa kar ya turo Zubaida. Alhaji ya ce an karɓa.

Ranar Lahadi aka tashi da yayyafi. Ga mai haɗa magani a bayan gida, lema a hannu ɗaya yana kare duro, murfin tukunya a ɗayan yana fifita, hayaƙi na sa shi hawaye. Ni ina zaune a kujera ina aika umarni ta bakin Zubaida: a rage wuta, hayaƙi nake so ba harshe ba.

Mata suka cika falo. Ya shigo yana warin hayaƙi, ya durƙusa ya gaishe su, ya faɗi komai bai rage ba. Suka yi ta karɓar wayar hannu zuwa hannu suna salati. Wata ta ce a ba ta lambar kifin ta kira shi ya dawo.

Anatu ta ce, "To, ashe dai na kasuwa za mu ci."

"Na kasuwa ne. Ci ki yi magana."

Na ɓare mata gefen ciki, inda mai yake, na barbaɗa yaji. Ta kai loma. Ta kai ta biyu. Falon ya yi tsit, sai ƙarar tauna. Can ta miƙo hannu wajen kan kifin, na buge hannun.

"Kai na mai banda ne."

Ta lashe yatsa, ta dube ni a kaikaice. "Yaya Karimatu, don Allah me kika shafa masa?"

Na ce, "Ki fara janye maganarki a gaban waɗanda kika faɗe ta."

Ta ce, "Na janye. Ƙaro mini wutsiyar."