Wurin Yatsan Baba

Yaya ya ce idan ya gama da tocilar Baba, ko matuƙin jirgin sama aka haska sai ya sauko ya ba da haƙuri. Yana sakace ya faɗa, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Abin da Inna ta roƙa bai kai nan ba. Makunnin ne ya soma gardama, sai an bubbuga ta a tafin hannu kafin ta kama. Tocila ce baƙa ta ƙarfe, da ita Baba ya yi gadi har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu aka rabar da kayan sawarsa, ita kaɗai ta rage mana. Gefen makunnin akwai inda babban yatsansa ya cinye fenti, ƙarfen ya yi fari sumul. Idon Inna ya yi rauni, sai ta wuni a bakin gado da tocilar a cinya, yatsanta a daidai wurin nan. Sau da yawa ko kunnawa ba ta yi.

"Makunnin kawai za a gyara min," in ji ta.

"Haba Inna, ai gyara na 'yan bakin titi ne. Ni haɓakawa nake yi."

A layinmu Injiniya ake ce wa Yaya. Shi ya raɗa wa kansa, tun da ya fara kallon bidiyon wani mutum mai safar hannu yana kwance fitilu a waya. Ni da na koyi karatu a jikin kwalin magani ba ni da ta cewa. Aikina in riƙe masa wayar, ladana kuma "Matsa, kina tare min haske."

Ya mamaye teburin guga. Ya ɓalle ƙwan, ya ce na zamanin da ne, ya liƙa sabo ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, wai lumen dubu biyu.

"Yaya, mene ne lumen?"

"Ba za ki gane ba."

Na gane. Shi ma bai sani ba.

Sabon ƙwai ya raina tsohon batir, aka sayo mai caji. Mai caji ya yi ƙiba, ya ƙi shiga. Sai ga Yaya da sabon jiki na roba, ja jawur, har da gilashinsa. Ɗaki ya ɗau warin dalma, zanen guga ya samu huji uku. Kowace safiya Inna ta leƙo: "An gama?"

Na ce ina tsohon jikin?

"Wannan lotsattsen gwangwanin? Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya wuce da shi tun jiya."

Ban tsaya neman takalmi na biyu ba. Na tarar da mutumin a inda yake tara ƙarafan yana share fili. Ya ce motar da ke kwasa ta tafi da safe, ya nuna min hanya da haɓa, kamar hanya za ta dawo da wani abu. Na dawo gida, Inna ta ce an gama? Na ce saura kaɗan.

Ranar gwaji da rana tsaka Yaya ya toshe taga da bargo, ya zaunar da mu kamar masu jiran likita. Ya danna. Gaskiya ta yi haske. Mun ga tsagewar bango da ba mu san da ita ba, mun ga yadda gidanmu ya tsufa.

"Kun gani? Wannan har jikokinku."

Bai rufe baki ba wari ya taso. Hasken ya koma shuɗi, ya dushe, ya mutu. Da na yaye bargon, kan tocilar ya lanƙwashe kamar kyandir. Ashe mai safar hannun ya faɗa, jikin ƙarfe ne ke shanye zafin ƙwan. Daidai wurin ne Yaya ke cewa in tura bidiyon gaba, wai surutu ne.

"Ba komai," in ji Inna. "Miƙo min ita. Ko ba ta kamawa."

Ya miƙa mata. Ta jujjuya ta, babban yatsanta yana ta lalube, sama, ƙasa, gefe. Roba ce ko'ina.

"Ina wurin?"

Ta sake shafa ta, sannan ta ɗago kai.

"Wannan ba tasa ba ce."

"Tasa ce mana, Inna! Asalin yana ciki, ni ba na taɓa asali."

Ya karɓa ya kwance, ya zazzage cikin a kan tebur yana tonawa. Ƙwai na Yaya ne, batir nasa, waya tasa. Gumi ya keto masa. Can ya ɗago wani ɗan sifirin, 'yar murɗaɗɗiyar waya, da farce, ya kai shi saitin fuskar Inna.

"Yauwa! Ga shi. Wannan na Baba ne, hannunsa ya taɓa shi."

Inna ta miƙo tafin hannu.

Na ce, "Yaya, shekaranjiya ka cire shi daga birona."