Zuma a Tsamiyar Maliki

Shekara biyu ke nan da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, kowa a bakin tafkin Kainji yana cewa ya ga canji, ban da Mainasara. Shi amyoyinsa tara ne rataye a itatuwan mutane, duk taran babu ko ƙuda ɗaya a ciki. Tun da ciwon baya ya raba shi da kamun kifi ya faɗa sana'ar zuma da zafinsa. Ya saƙa amya da ciyawa, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya yi mata turaren da ko amarya ba ta samu ba. Ƙadangaru suka shiga, gara ta shiga, har wata kurciya ta yi ƙwai a guda. Zuma kuwa ko leƙe.

Abin ya dame shi ƙwarai, don mutanen ƙauyensu, can gefen Wara, sun fara kiransa Sarkin Zuma, kuma ba don girmamawa ba. Sai ya bi masu gonaki ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, duk wanda ya ga zuma ya taso neman sabon gida ya buga masa kwano. Tsofaffi sun ce ƙarar kwano tana sa su sauka, shi kuma zai ji ya zo da amya.

Ran wata Talata da hantsi yana shan koko sai ya jiyo ƙarar. Tamada ce, dattijuwa mai gonar dawa a bayan gari, take jibgar tasa kamar tasar ta yi mata laifi. Mainasara ya suri amya ya aza a ka, ya fita da takalmi ƙafa ɗaya. Kafin ya isa zuman ya tsallake gonarta, baƙi ƙirin a sama, yana kuka kamar injin niƙa daga nesa.

Shi da Tamada suka bi. Dudu mai gonar shinkafa ya fito daga fadama taɓo har gwiwa, yana buga fartanya da dutse. Na gaba da shi ya shigo da gwangwani, wani yana watsa yashi sama yana dawo masa a ido. Mata suka bar daka suka biyo da faifai. Rabin masu gudun nan ba su san abin da ake bi ba, wani ma tambaya yake ko ɓarawo ne. Mainasara na gaba yana dariya shi kaɗai, murna ta mantar da shi yana da baya.

Can zuman ya yi ƙasa, ya kewaya sau biyu, ya dunƙule a reshen wata tsamiya, ya rataye kamar buhun gero. Nan take kwanuka suka yi tsit. Tsamiyar Maliki ce, ga mai ita nan zaune a inuwa yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi.

Maliki da Mainasara jirgi ɗaya suka tuƙa shekara ashirin. Wata rana suka kama giwan ruwa, kifin da har yau kullum ƙara girma yake a bakin masu labari, ya kuɓuce a gefen jirgi. Kowannensu ya ce ɗan'uwansa ne ya saki igiya. Shekara takwas ke nan ko gaisuwa babu. A garin nan kuwa ba a taɓa itacen mutum sai da izininsa, zuma kuma ba ya jira, yana hutawa zai tashi.

Mainasara ya juya ga Dudu. "Ka hwaɗa ma mai iccen ga ina neman izini."

Maliki bai ɗago ba. "Dudu, ka hwaɗa mishi mai iccen na da kunne."

Dudu ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce shi shinkafarsa na jiransa, amma bai gusa ba. Tamada ta kifa tasarta ta zauna a kai don ta ga ƙarshe.

Mainasara ya ɗaga kai. Gefen dunƙulen ya fara motsi, 'yan ƙudaje suna fita suna dawowa. Ya ji kunya, ya ji haushi, ga amya ta yi masa nauyi a ka. Ya sauke ta.

"Maliki," ya ce. "Ni na saki igiyar. Hannuna ya mutu, na saki, na aza maka."

"Na sani," in ji Maliki, yana yanke zare da haƙori. "Ina kallonka sanda ka saki. Mi ya hana ka hwaɗi tun ran nan?"

Tamada ta fashe da dariya har ta zame daga kan tasa, sauran suka kama. Maliki ya miƙe ya ɗauko doguwar gorar da yake tura jirgi da ita, ya ce Mainasara ya tara amya daidai ƙarƙashin reshe. Ya saƙala gorar, ya girgiza sau ɗaya da ƙarfi. Dunƙulen ya faɗa ciki tim, nauyinsa ya kusa durƙusar da Mainasara. Waɗanda suka fantsama suka raba harbi ba son kai, jama'a suka watse cikin gona suna dukan wuya. Mainasara ya sami uku a fuska, Maliki biyu a kunne, amma uwar zuman tana ciki, don sauran sun fara bin ƙofar amya a layi.

Mainasara ya toshe bakin amyar da ganye, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, bakinsa ya ƙi rufuwa don daɗi. Ya sunkuya zai ɗauka ya nufi gida, sai Maliki ya dafe amyar.

"Ina za ka da ita? Nan sunka sabka, nan za a rataye ta. In kana son ganin zumanka, sai ka zo."

"Kullum hwa nike duba amya."

"To, kullum ɗin," in ji Maliki, ya kau da kai yana murza kunne. "Na gaji da ɗinkin koma ni kaɗai."