Imel ɗin Mma

Sunana Mutawakilu, na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya da trotro, wato motar haya, tawa ta kaina, amma wallahi ban taɓa jin sunan nan a bakin uwata ba. Ni ne ɗan fari, Mma kuwa Bahaushiyar da ce, irin waɗanda suka kawo kunyarsu nan unguwar Nima tun daga Kano ba ta zube a hanya ba. "Kai" take ce min. In ta ji daɗi, "Kai wannan." Abin yana cina a rai, ba zan ɓoye ba.

To ƙanwata Latifatu da ke aure a Jamus ta kusa haihuwa, cikin fari, kullum sai ta bugo tana kuka a turo mata Mma. Muka nemi biza. Ofishin suka ce ranar ganawa ta imel za su aiko, in ta wuce kuwa sai a sake bin layi daga farko, ka ga kafin nan jariri ya yi haƙori. Imel ɗin da muka ba su wani tsoho ne da aka buɗe wa Mma tun zamanin da ake zuwa kafen intanet a zauna jiran hoto ya sauko kamar ana tatsar akuya. Kalmar sirri? Ta tafi da tsohuwar wayarta cikin kwatar Nima.

Na kwashe ta sai unguwar Maamobi, wajen Zulkarnaini mai kafe, wanda shi ya buɗe mata tun farko. Mutumin nan akwai iyayi. Kafin mu zauna ya soma wa'azi.

"Cale, abokina, wannan kamfanin imel ya tsufa. Talla kawai, ga nauyi. Ku koma wani. Akwai mai faɗin rumbun ajiyar saƙo, akwai mai turo lamba a waya, akwai wanda ko shi kansa ba ya leƙa saƙonka."

"Malam, buɗe mana tsohon tukuna," na ce. "Biza muke nema, ba rumbu ba."

Ya latsa wajen mantuwar kalmar sirri. Sai na'ura ta jefo tambayar tsaro: mene ne sunan ɗanki na fari?

Na yi dariya har da buga ƙafa. Yau dai ga ranata! Na ture shi na rubuta Mutawakilu da hannuna. Ta ce ba daidai ba. Na cire wasalin ƙarshe. Ba daidai ba. Na sa Muta, yadda 'yan tasha ke kirana. Sai ga jan rubutu, wai saura gwaji ɗaya a rufe akwatin.

Nan fa zufa ta karyo min. Na juya na kalli tsohuwar nan, tana zaune tana gyara mayafi abinta.

"Mma, don girman Allah, akwai wani ɗan fari da ban sani ba ne?"

"Ji shashasha," ta ce. "Ni zan buɗe baki in faɗi wannan suna? A kafe? Gaban maza?"

"To da ya tambaye ki me kika ce masa?"

"Me zan ce? Kana tsallaken titi kana sayen koko. Na nuna ka da baki na ce ga shi can."

Zulkarnaini ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. "Cale, lokacin layi ya yi yawa. Abin da kwastoma ya faɗa shi nake bugawa."

Kai, na so in shaƙe shi! Da yatsa ɗaya, ina bismillah, na rubuta gashican. Akwati ya buɗe. Tsakanin tallan maganin ƙiba da wani mai cewa Mma ta ci gadon attajirin da ba ta taɓa gani ba, ga saƙon ofishin biza. Ganawa jibi da safe. Mma ta ce alhamdulillahi.

Muka dawo kan zaɓen sabo. Zulkarnaini ya sake jero kamfanoninsa, wannan kaza, wancan kaza. Mma ta ɗaga masa hannu.

"Yaro, bar ni da rumbu, ba hatsi zan zuba ba. Wanne ne a cikinsu yake da tarbiyya? Wanda ba ya tambayar mace abin kunya?"

"Mai turo lamba a waya, Hajiya. Shi ba ruwansa da 'ya'yan kowa."

"Shi za a buɗe."

Aka zo kan kalmar sirri. Ya ce a samo abin da ba za ta manta ba, kuma wanda wani ba zai taɓa ji daga gare ta ba, ko da wasa. Na soma kawo shawara, sunan layinmu, lambar motata. Mma ba ta ko kalle ni ba. Ta tsura wa bango ido, ta ɗan zunguri gwiwata da tata.

"Kai wannan," ta ce a hankali. "Rubuta naka. Shi ne tun da aka raɗa shi bai taɓa fita daga raina ba, kuma duk duniya ba mai jin sa a bakina."

Na rubuta. Sau biyu na'urar ta ce in maimaita, don ban ga haruffan da kyau ba.