Ranar Feshi a Sabon Gari

Juwairiyya tana cikin fito da tukwane tsakar gida mai feshin ya yi sallama. Gwadabe sunansa, dogo, goye da tulun magani, hanci da baki a rufe. Damina ta yi nisa, sauro ya addabi Sabon Garin Wudil, shi ya sa aka turo su gida-gida. Ya durƙusa ya gaida Inna, uwar mijinta, sannan ya jero ƙa'ida: a fitar da abinci da ruwan sha, kada kowa ya shiga ɗaki sai bayan awa biyu.

"Akwai mai juna biyu a gidan?" ya tambaya. "In akwai, ta yi nesa, kuma kada ta taɓa sharar ɗakin."

Juwairiyya ta kafa wa murfin tukunya ido. Cikinta wata huɗu ke nan, ba wanda ta gaya wa sai mijinta Abdulbaƙi, shi kuwa ya bi motar shanu zuwa Kudu. Cikin farko bara ya zube, zazzaɓin cizon sauro ya tafi da shi bayan dangi duk sun sha labari. Wannan karon ta ƙudura ba za ta furta ba sai zane ya tona. Balle a gaban suruka, ga baƙon namiji tsaye? Ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba za ta iya ba.

"Yi aikinka, Malam," in ji Inna, tana korar kaji. Ta juyo. "Ke kuma tafi nan maƙwabta gidan Auta ki zauna. Kada ki dawo sai na aiko."

Tana fita ta hango Inna ta ja Gwadabe gefe a zaure, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

A gidan maƙwabciyar zama ya gagare ta. Wa zai share ɗakin in ba ita ba? Inna ke nan. Tsohuwa ta sunkuya da tsintsiya a ƙarƙashin gadon ɗanta, matarsa na maƙwabta tana hira! Abin kunyar nan har gidansu a Lajawa sai ya kai. Ana kiran azahar ta saci jiki ta dawo. Inna ta tayar da salla a rumfa, ita kuwa ta faɗa ɗaki ta turo ƙofa don kada a ji ƙarar tsintsiya.

Wari ya tare ta. Bango jiƙe yake sharkaf, har maganin ya gangaro ya kwanta a siminti. Ta share matattun kyankyasai, ta ɗauki tsumma ta goge ruwan da hannunta, tana matsewa a bokiti. Ba ta gama ba kanta ya fara sarawa. Yawu ya cika mata baki, ɗakin ya soma juyawa. Sai mararta ta ɗaure, irin ɗaurewar da ta sani, irin ta bara.

Tsoro ya kama ta, tsoron da ya fi ciwon. Ta rarrafo bakin rariya tana amai, hannu ɗaya dafe da ciki, tana kiran sunan Allah.

"Innalillahi! Wa ya ce ki shiga?" Inna ta yar da carbi. Ba ta jira amsa ba. Ta wanke mata hannuwa da fuska da sabulu, ta sauya mata zane, ta fita titi ko mayafi ba ta gyara ba ta tare adaidaita. Duk ramin da suka faɗa a hanya sai Juwairiyya ta matse cinyoyinta, tana jiran ta ji ɗumin jini.

A asibiti wata nas mai suna Sista Marta ta kwantar da ita, ta duba idanunta, ta auna ta, ta saurari abin da ya faru tana girgiza kai.

"Wata nawa ne?"

Juwairiyya ta dubi Inna, ta kau da kai.

"Huɗu ne," in ji Inna, fuskarta a bango. "Tun ƙaramar salla ta daina cin miyar daddawa."

Sista Marta ta shafa mata wani mai sanyi a ciki, ta ɗora 'yar na'urar jin bugun zuciya. Shuuu kawai ake ji. Ta matsa dama, ba komai. Ta matsa hagu, ta danna, ta ɗan ɓata fuska. Juwairiyya ta rufe ido. Ta ji hannu ya kama tafin ƙafarta, busasshen hannun Inna, hannun da bai taɓa taɓa ta ba sai yau.

Can ƙasa, sai ga bugun. Ƙarami, da sauri-sauri, ba ya tsayawa.

"Yana nan," in ji Sista Marta. "Amma ba mu tsira ba tukuna. Za mu riƙe ta zuwa gobe mu gani. In ta koma, kada ta kwana a ɗakin nan sai warin ya fita sarai. Mama, akwai inda za ta kwanta? Ai duk ɗakunan aka fesa."

Inna ta sunkuyar da kai. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Nawa ba a fesa ba," ta ce. "Sauro ne ya ɗauke mana na bara. Sai na roƙi mutumin, na ce rabon ɗakina ya ƙara a nata."