Burabuskon Baba Kura

Hayaƙi ya riga ya cika madafar kafin Baba Kura ya gane itacen ɗanye ne. Ya durƙusa yana hurawa, gemunsa na shan toka, idanunsa na zubar da ruwa. Ya ce wa kansa hayaƙi ne. Mutumin da ya ga farin da ya ƙarar da shanun Gwiwa bai durƙusa ba, wanda kububuwa ta sara a gona ya tako har gida da ƙafarsa, wanda motar gyaɗa ta kife da shi a hanyar Daura ya fito yana karkaɗe hula, ai ba murhu ne zai sa shi kuka ba.

Tun da yake bai taɓa taka madafar nan ba sai yau. Ta Hajja Kaka ce, matarsa, wadda aka kai makwancinta da damina. 'Yarsu Zaituna ta zauna da shi har aka yi sadakar arba'in, sannan ta koma ɗakin mijinta a Babura. Ta roƙe shi ya bi ta, ya ce shi ba buhu ba ne da za a ɗora a mota.

A unguwarsu a nan Kazaure, in an sallame magariba, kowane magidanci yakan fito da kwanon gidansa, a haɗu a ƙofar gidan Kawu a yi ciyayya a tabarma ɗaya. Kwanon Baba Kura ake fara buɗewa, don burabuskon Hajja Kaka ba shi da na biyu daga nan har Roni. Daudu Bafillace, abokin wasansa, sai ya cika baki ya ce, "Barebari dai ba su iya komai ba sai auren mai girki." Baba Kura ya ce, "Ci ka gode wa Allah, ɗan bin wutsiyar saniya." Haka suka tsufa.

Bayan tafiyar Zaituna ya fita sau ɗaya, hannu rabbana. Aka matsa masa wuri, aka riƙa turo masa tsoka gabansa. Daudu, wanda bai taɓa kiran sa da sunansa ba, ya sassauta murya ya ce, "Sannu Baba Kura, daure ka ci." Ya ajiye lomar, ya tashi ya koma gida. Daga ranar bai sake fita ba. Kwanonin da ake aiko masa a rufe suke kwana, shi kuma ya jiƙa gari ya sha a ɗaki. Jiya ya dubi hannunsa ya ga zobensa na yawo a yatsa, ya ce a'a. Ko dai ya koma tabarmar nan da kwanonsa kamar kowane namiji, ko kuwa gidan nan ya cinye shi.

"Wa ke ƙona gidan Hajja?" Muryar Tasalla ce, matar Kawu, daga bayan katanga.

"Mai gidan ne."

"Innalillahi! Baba Kura, kai ne a madafa? Miƙo abin in dafa maka, ba wanda zai ji."

"Ni zan ji. Faɗa mini dai, in za a yi burabusko, ruwa ake fara zubawa ko tsaki?"

Ta ce, "Ruwa. Ya tafasa tukuna. Kuma kada ya yi yawa."

"Yawa kamar yaya?"

"Kamar yadda ido ya gani."

Ya yi tsaki. Shi da yake duban bijimi a kasuwar kara ya faɗi nauyinsa, ai tukunya ba za ta gagare shi ba. Ya canza itace, wuta ta kama. Ruwa ya tafasa, ya juye tsakin gero gaba ɗaya, ya miƙa hannu ya ɗauko muciya. Inda hannunta ke kamawa ya sha riƙo har ya yi santsi, ya ɗan lotsa. Ya tsaya da ita a hannu yana kallo. Da wannan muciyar takan nuna shi in ya leƙo yana tambayar ko an sauke, ta ce, "Malam, yunwarka ba ta ƙara wuta." Sai da ƙauri ya buge shi ya farga.

"Ya kama!" in ji Tasalla. "Janye itace, janye!"

Ya janye, ya ƙone yatsa, ya ƙara ruwa don ya ceci abin, sai abin ya koma wani iri, shi ba tuwo ba, shi ba fate ba. Miyar kuka kuwa ya kaɗa ta da ƙarfin da yake kaɗa jaki, ta yi gudaji kamar tsakuwa. Ya ɓare bandar kifin da ya sayo da safe ya watsa. Ya zuba gishiri, ya manta ya zuba, ya sake zubawa.

Da aka fito masallaci ya sa wankakkiyar riga, ya kafa hula, ya ɗauko kwanon da hannu biyu. Tafiyar daga ƙofarsa zuwa ta Kawu ba ta kai jifa ba. Ya yi sallama da ƙarfi.

Hira ta tsaya. Kawu ya matsa, Jalaluddeen tela ya matsa, Daudu ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Baba Kura ya dire kwanon a tsakiya, ya cire faifan da kansa.

"Zaituna ta dawo ke nan?" in ji Kawu.

"Ba ta dawo ba. Hannun nan ne. Bisimilla."

Aka wanke hannu. Kawu ya gutsura, ya kai baki, ya daɗe yana taunawa.

"Ma sha Allah," ya ce. "Ya yi daɗi."

"Wallahi kuwa," in ji Jalaluddeen, yana laluben kofin ruwa. "Sai ka ce na marigayiya."

Baba Kura ya ɗanɗana. Gishiri ya sare masa harshe, ɗacin ƙauri ya biyo baya. Ya dubi fuskokinsu, ya ga irin kallon nan dai na ranar, kallon da ake yi wa majinyaci a gadon asibiti. Ashe wahalar banza ya sha. Ya miƙa hannu zai mayar da faifan ya ɗauke kwanonsa.

Daudu kuwa yana can yana fama. Lomarsa tana kunci, ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa. Can ya runtse ido ya tura ta, ya yi tari, ya buga ƙirji.

"Kai, Babarbare!" ya ce. "Me muka yi maka? In kashe mu za ka yi, ba ga adda ba?"

"Daudu!" in ji Kawu.

"Ƙyale ni, Kawu, ƙarya bayan magariba ba kyau. Wannan ko bijimina na ba shi sai ya kai ni ƙara wurin mai unguwa. Tafkin gishiri ka kwaso daga garinku?"

Baba Kura ya saki faifan. Wani abu ya taso masa daga ciki, bai san dariya ba ce sai da ta fito. Ya yi ta har hularsa ta faɗi, har ruwa ya gangaro ta cikin tsagen fuskarsa, ba wanda ya ce masa sannu.

"Kai da ka girma a kan tsamin nono," ya ce yana share ido, "yaushe ka san abinci? Bakinka ne bai waye ba."

"Bakina ya waye a kwanon nan shekara da shekaru. Allah Ya jiƙan mai shi. Kai dai asirinka ya tonu, ashe hula kawai kake sawa."

Suka ce amin. Jalaluddeen ya samu ƙarfin hali ya ce gudajin miyar sun isa a yi maɓallin riga. Kawu ya buɗe tuwon dawar gidansa da miyar kuɓewa, aka buɗe dambun gidan tela, Daudu ya turo ƙwaryar fura. Baba Kura ya ga tsoka a miyar Kawu ya kai hannu, Daudu ya riga shi, ya jefa a baki yana kallon sa. Baba Kura ya rama da furar, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwaryar. Rabon da cikinsa ya ɗauki abinci haka tun damina.

Burabuskon ma bai yi kwantai ba. Suna zagin sa suna gutsura, suna korawa da ruwa, har Daudu ya kankare ƙanzon da ya biyo kwanon, yana cewa shi kaɗai ne abin da wuta ta yi wa adalci.

Da ladan ya kira isha'i suka miƙe. Daudu ya dafa sandarsa.

"Don girman Allah, gobe ka zo hannu rabbana."

"Gobe ɗanwake zan yi," in ji Baba Kura, ya saƙale kwanon a hammata. "Kowa ya bar wasiyya kafin ya fito."