Ranar da Aka Ɗauki Baba Barmo Zuwa Zaɓe

"Kama shi ta hammata, kai Labo, ka riƙe ƙahwahu," Ɗan'azumi ya ce mini. Yana tsaye a bakin ɗaki, makullin mota a hannu, selula na lilo a wuyansa.

Inna Hadiza, matar Baba Barmo, ta tare ƙofa. "Kwana tara bai hita ba. Ko hura ba ta zama cikinai. Ina za ku da shi?"

"Inna, minti goma na. Shi jefa, mu maido miki shi."

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Baba Barmo a Malbaza, shekara goma sha tara. Dakon buhuna ya yi a tasha har ƙirjinsa ya gaza. A shekarar da nake ba da labari depiten yankinmu, wato ɗan majalisa, ya rasu, aka sa zaɓen cike gurbi, mutane kuwa ba su damu su fito ba. Shi ya sa Ɗan'azumi, mai tara wa partinsu jama'a, yake bi gida gida.

Tsohon ne da kansa ya raba gardamar. "Bar su, Hadiza. Ban taɓa hwashin zaɓe ba."

Na ɗauke shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

A lakwal, makarantar da ake zaɓen, muka zaunar da shi a kan bencin ƴan makaranta, na tallafe masa baya. Shugaban buron zaɓen wani mushe ne, malamin makaranta da aka turo daga Doso, bai san kowa ba. Ya bi lis ɗin sunaye da yatsa, ya sami sunan, ya duba katin zaɓe.

"Ina takardar shaida, Baba?"

"Ruwa sun cinye ta," na ce. "Bara, da ɗakinai ya hwaɗi."

"To sai shaidu biyu, masu suna cikin lis na buron ga."

Na miƙa katina. Ɗan'azumi a Konni aka rubuta shi, ba ya shiga cikin shaidu. Azahar ta kusa, babu kowa a layi. Na waiwaya na ga Abdurrazak, wakilin ɗaya partin, zaune da biro a hannu yana rubutu. Sai na ji sanyi a raina. A unguwarmu ya tashi, da uwarsa ta rasu a kwanon Inna Hadiza ya ci tuwo shekara uku.

"Abdu, taso ka shaidi Baba."

Bai ɗago kai ba. "Ni a takarda ban san shi ba."

"Mi kac ce?"

"Tun sahe suke kwaso mutane daga ƙetaren iyaka. Doka doka ta. Ba ni shaidar wanda motarsu ta kawo."

Baba Barmo ya juya a hankali ya dube shi. "Abdu, kai na?"

Abdurrazak ya ci gaba da rubutu.

Daga nan shi da Ɗan'azumi suka kaure. Suna buga tebur, suna jefa wa juna kalmomin Faransanci a bisa kan tsohon, mushen na buɗe littafin doka yana rufewa. Jandarman da ke bakin ƙofa ya leƙo sau ɗaya ya koma inuwa. Rufin kwano ya ɗau zafi. Baba ya yi tari, ya amayar da ɗan ruwan da ya sha a gaban rigarsa. Ba wanda ya duba. Da hulata na goge masa.

Sai selular Ɗan'azumi ta yi ƙara. Mata goma sha biyu na jiransa a wani ƙauye hanyar Tajaye, kowace da takardunta cikakku. Ya nufi ƙofa.

"Ka hwara kai shi gida," na ce.

"Labo, motar parti ta, ba ambilas ba. Ka nemi kabu-kabu."

Mutumin da ba ya iya zama shi kaɗai, ina zai hau babur? Na bar shi jingine da bango, na yi ta yawo har na sami Mamane mai amalanken jaki yana sauke albasa. Muka shimfiɗa buhu, muka kwantar da shi, na bi gefe ina kare masa rana da rigata. Manyan motocin siminti na wucewa, jakin na firgita.

Kusa da gida ya buɗe ido.

"Labo, na jefa?"

"Ka jefa, Baba."

"Madalla."

Inna Hadiza ta tarye mu a ƙofa. Ta dubi rigar Baba, ta dube ni, ta shiga ɗebo ruwa. Baba bai sake magana ba, washegari da hantsi ya cika.

Kafin a gama ɗinka likkafani sai ga su, su biyu, cikin manyan riguna masu sitati. Tabarma ɗaya suka zauna a ƙofar gida. Ɗan'azumi ya ɓare goro ya miƙa wa Abdurrazak rabi. Ni da liman muna bayan zana muna yi wa Baba wanka, ina jin su ƙasa-ƙasa suna maganar wanda ya ci buronmu, har ɗaya ya yi ƴar dariya ya haɗiye ta da salati.

Liman na zuba ruwa da buta, ni ina cuɗa hannun tsohon, yatsa bayan yatsa. Tawadar zaɓen jiya na nan baƙi ƙirin a babban yatsana. Ruwan ya bi ta kanta, ya gangara cikin rairayi.