Abin da Manhajar Ta Goge

A hoton shekaranjiya tauraruwar tana nan, ɗan ɗigo mai dishi-dishi kamar numfashi a jikin gilashi. A hoton jiya kuwa babu ita. Wurin ya yi fes, irin fes ɗin da ke sa gaban mutum faɗuwa.

Dakta ta ture kofin shayinta gefe. Gani na biyu kawai take jira ta aika rahoto, don sabuwar tauraruwa mai wutsiya sunan wanda ya fara kai labarinta take ɗauka. Mutum biyu ke taɓa hotuna a wannan ɗakin nazarin taurari: ita, da mijinta, wanda ya rubuta manhajar da ke goge fararen layukan da taurarin ɗan'adam ke ja musu a kan hoto.

Ya shigo yana goge maiko a hannu.

"Injiniya," ta ce, ba ta juyo ba.

"Tofa! Yau kuma na koma Injiniya? Me na yi, ranki ya daɗe?"

"Ina tauraruwata?"

Ya sunkuyo ta kafaɗarta. Ƙamshinsa da ta saba nema, yau shaƙe ta ya yi.

"Ayarin taurarin ɗan'adam ɗin nan ne ya ratsa," ya ce. "Ɗaya ya bi ta kanta daidai. Manhaja ta share layin, ta cike gurbin da baƙi."

"Duk faɗin sama, sai ta kanta?"

"Ni ma abin da na ce ke nan."

"Ka ce? Ashe ka riga ni gani."

Ya miƙe daga kafaɗarta. Ba ta san ko ciwo ne a fuskarsa ko lissafi ba.

"Nuna min hoton asali."

"Ya goge kansa. Ma'ajiya ta cika, kin manta? Tare muka tsara haka."

Gaskiya ne. Ta tuna ranar, har dariya suka yi. Amma ta tuna wani abu kuma: yadda sunanta ke hawa saman kowace maƙala, nasa yana can ƙasa wajen godiya, da yadda yake ce wa baƙi, "Ni mai shara ne, sama nake share mata." Kullum ana dariya. Ba ta taɓa duba idonsa ba lokacin da yake faɗa.

Da rana ta faɗi suka buɗe rufin. Tun kafin tauraro na gaskiya ya fito, ayarin ya ɓullo daga yamma, ɗigo bayan ɗigo, a jere, ba sa ko ƙyaftawa.

"Yau za mu same ta," ya ce a hankali. "Da sunanki za a kira ta, Gimbiya. Ki yarda da ni."

Hawaye ya cika mata ido, don muryar ita ce dai wadda ta aura.

"Na yarda," ta ce.

Ya riƙo hannunta na dama, ya ɗaga kai yana neman sarari tsakanin fitilun. Da na hagu ta laluba, ta canza kalmar sirrin kwamfutar.